Gudun mita 100 a Garwa: daga jan taya zuwa tartan ɗin Yawunde

Duk wanda ya zo kallon atisayenmu karon farko tambaya ɗaya yake yi, wai yaushe za ku fara ne? Alhali mun yi nisa. Abin da zai gani shi ne mutum ya kwasa a guje mita 30, ko sakan huɗu bai cika ba, sai ya juyo yana takawa a hankali, ya sami gindin darbejiya ya zauna minti huɗu ko biyar, sannan ya sake tashi. 'Yan ƙwallon da muke raba fili da su a nan Garwa, arewacin Kamaru, har suna suka sa mana, wai ƙungiyar 'yan hutu. Su a wajensu in riga bata jiƙe sharkaf har ana matsewa ba to ba a yi komai ba, kuma ba su kaɗai ba, kusan kowa a gari haka yake ɗauka, har Babana. Ni dai na yi kakar wasa guda cur a hannun kocin da ya san gudun mita 100, daga ɗaukewar ruwa har zuwa gasa, shine nace bari in rubuta yadda abin ke tafiya saboda yaran da ke tasowa a Marwa da Ngaundere da Kuseri, waɗanda Allah ya ba ƙafa amma basu sami mai nuna musu ba.

Tun ina lise, wato sakandare, nake gudu. Irin namu na wasannin makarantu, FENASSCO, in lokaci ya matso malamin wasanni ya tara ku sati biyu ko uku, ku zagaya fili har ku galabaita, ku yi mita 100 a jere a jere ba hutu, shikenan an shirya. Abin da ya tada min tsimi shekarar 2024 ce. A watan Maris ɗan ƙasarmu Emmanuel Eseme ya ci zinaren mita 100 a wasannin Afirka a Akara, sannan a watan Yuni aka kawo gasar guje-guje ta Afirka gida, filin Japoma a Duwala, muna shagon yayana inda nake gyaran waya mun haɗa kai a kan waya ɗaya muna kallon final, Joseph Fahnbulleh na Laberiya ya sha gaba da ƙyar, Eseme ya zo na biyu. Abin da ya tsaya min a rai fuskokinsu ne, a sake suke, kumatu na rawa, ni kuwa duk hoton da aka taɓa ɗauka na ina gudu haƙora a datse, wuya duk jijiya.

Wani abokina ne ya kai ni wajen kocin, dattijo ne, tsohon malamin wasanni da ya yi gudun 200 a zamaninsa. Ranar farko bai koya min komai ba, awo kawai ya yi. Tsalle gaba da ƙafa biyu daga tsaye, mita 30 daga tsaye, wata mita 30 ɗin da sai ka riga ka ɗau gudu kafin a danna kurono, wato agogon awon gudu, sai 150 guda ɗaya a ƙarshe. Yana rubutawa a wani tsohon littafin makaranta mai bangon roba. Da ya gama yace, "Kai yaro tashinka ba laifi, amma kana ɗaga kai tun mita goma, ƙafarka tana sauka a gabanka tana taka maka birki, kuma daga mita sittin gawa ce ke gudu." Nace Malam to me za a yi? Yace za a rage maka aiki.

Daga baya ya zaunar da mu ya yi bayanin yadda mita 100 take. Ba wanda yake ƙara gudu har layi, ko waye shi. Mutum yana ta ƙara wuta daga tashi har ya kai ƙololuwarsa, ya riƙe ta ɗan lokaci kaɗan, daga nan sai raguwa. Usain Bolt ranar da ya yi 9.58 a Barlin a 2009, tsakanin mita 60 da 80 ne ya fi gudu, ya cinye wannan mita 20 ɗin a sakan 1.61, kuma taku 41 ya yi gaba ɗaya. Irinmu kuwa tun wajen mita 40 ko 50 mun gama ƙarawa, saura duk gangara ce. Wanda kake gani a talabijin kamar ya ƙara giya a ƙarshe ya wuce mutane, ba ƙarawa ya yi ba, sauran ne suka fi shi saurin mutuwa. Saboda haka aiki kashi uku ne, tashi, ƙololuwa, da jinkirta raguwar, kuma kowanne da lokacinsa a shekara.

Daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba gina jiki aka yi. Tsarin satin bai canza ba sai da azumi ya zo: rana mai nauyi, rana mai sauƙi, haka haka. Litinin, Laraba da Asabar su ne na wuta, sauran gudu ne sannu-sannu a inda ƙasa ke da laushi, mita 100 ko 200 da kamar kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinka, da atisayen ciki da baya. Juma'a da Lahadi hutu. Dalilinsa shi ne gudun ƙarshen ƙarfi ba nama kaɗai yake gajiyarwa ba, har ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke aika wa nama saƙo, kuma su sai sun sami wajen awa 48 suke dawowa daidai. Abin da ya fi tsana shi ne gudun tsaka-tsaki, wanda bai kai wuta ba bai kuma zama mai sauƙi ba, yace wannan gajiya kawai yake sayo maka. In ya ga ka fara tsere da abokinka a ranar sauƙi sai ya kore ka gida, ba wasa.

Ƙarfe kuma namu na gida ne. Wani mai walda a unguwar Jambutu ya haɗa mana sanda da tsofaffin ƙarafan birkin mota, wasu kuma siminti ne aka zuba a manyan gwangwanayen madara, muka kai su sikelin masu sayen gyaɗa aka auna aka rubuta kilo da fenti. Tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga shi daga ƙasa, hawa benci da ƙafa ɗaya. Ba a yi da yawa, sau huɗu ko biyar ka ajiye ka huta. Masu zuwa jim don ƙirji ya kumbura su sa matsattsiyar riga, wannan harka daban ce, mu ɗuwawu da bayan cinya muke nema don can injin yake.

Akwai maganar yashi da nake so in taɓa don na san za a yi min gardama. Da rani in Binuwai ya janye kowa yashi yake tafiya, 'yan ƙwallo, 'yan kokawa, 'yan dambe, ana cewa wanda ya iya gudu a yashi in ya hau tandarƙasa tashi zai yi. Kocinmu yana kai mu can jefi-jefi amma don tafiya da 'yan tsalle-tsalle ba takalmi, saboda tafin ƙafa da agara su yi ƙwari. Gudun sauri a yashi kam ya hana. Manyan 'yan gudu in sun kai ƙololuwa ƙafarsu bata kai kashi ɗaya cikin goma na sakan a ƙasa, yashi kuwa yana koya wa ƙafa ta nutse ta daɗe tana turawa, wato akasin abin da ake nema. Ni ma yanzu ra'ayina kenan.

Jan taya shi ne abin da na fi daɗewa a kai. Tsohuwar tayar ƙaramar mota, an huda ta an zura igiya mai tsawo, ɗaya bakin an ɗaura a tsohon bel ɗin kujerar mota da kake ɗaurawa a ƙugu. Kada tayar ta yi nauyin da zai lalata maka taku, in ka fara tangaɗi ko kana lanƙwashewa a ƙugu to ta yi yawa. Mita 20 kawai ake ja. Amfaninta shi ne tana riƙe ka ka kwanta gaba ba tare da ka faɗi ba, daga kai har dunduniya layi ɗaya, ƙwauri a karkace, ƙafa tana sauka a bayanka tana tura ƙasa baya. Ƙasar filinmu ja ce mai tsakuwa, to bayan kowane ja sai Malam ya kira ka ku bi sawunka tare, yana nunawa da tsinke. Taku na farko gajere, na biyu ya ɗan fi shi, na uku ya fi na biyu, haka ya kamata su riƙa buɗewa a hankali. Nawa na uku da na huɗu tsawonsu ɗaya, kuma sawun hagu yana karkata waje. Yace ka gani? Nan ne kake miƙewa tsaye. Wata guda muna kan sawun nan, ana ja da taya sau uku a kwance igiya a yi ɗaya ba taya don jiki ya riƙe yanayin. Ranar da sawun ya jeru yadda yake so bai ce komai ba, kawai ya sa ƙafa ya share ya ce a kawo na gaba.

A Janairu, sanyi da hazo sun sauka, aka shiga bulok, matakin da ake tokare ƙafa a jikinsa wajen tashi. Bamu da na ƙarfe sai guda ɗaya da ya ji jiki, don haka wani kafinta a Yelwa ya yi mana na katako, ya manna robar taya a inda ƙafa ke zama, muna kafe shi da dogayen ƙusoshi, wani kuma ya taka bayansa kar ya zame. Awon farko mai sauƙi ne, tafin ƙafarka biyu daga layi zuwa matakin gaba, uku zuwa na baya, daga nan a gyara wa kowa daidai jikinsa. Ƙafar da ta fi ƙarfi ita ce a gaba. In aka ce "a vo mark" ka shiga ka durƙusa, yatsun hannu a bayan layi ba a kansa ba. In aka ce "pre" ka ɗaga ƙugu ya ɗan fi kafaɗa tsawo, gwiwar gaba ta yi kusurwa 90, ta baya ta fi haka buɗewa, dunduniya biyu a danne jikin bulok, kai a sake ido a ƙasa. Sai jiran ƙara. Mu bamu da bindiga, katako biyu ake bugawa.

Jiran nan shi ne jarabawa. Doka tace in na'ura ta nuna ka motsa kafin sakan 0.100 bayan ƙarar bindiga to ba ji ka yi ba, cinka ka yi, kuma tun 2010 kuskure ɗaya ake fitar da mutum, ba gargaɗi. Bolt kansa haka aka fitar da shi a final ɗin gasar duniya a Daegu a 2011, Yohan Blake ya ci. Saboda haka Malam yana wasa da mu, wani lokaci ya buga da wuri, wani lokaci ya ja har hannu ya fara rawa, wanda ya riga ƙara ranar ya gama bulok sai ya koma mai taka wa wasu. Yace kar ka saurari ƙarar kana tunanin ƙafa, ka sa ranka a hannun da zai fara wulla gaba, ƙafa zata bi.

Sai babban aikin, wanda ya jawo mana sunan 'yan hutu. Ana sa alama uku a ƙasa. Ka taho kana ƙara gudu mita 25 ko 30, in ka shiga tsakanin alama ta biyu da ta uku, mita 20 ko 30, nan ne za ka sake komai, sannan ka rage a hankali kar ka taka birki. Guda huɗu, in ka yi yawa biyar, aikin ranar kenan bayan ɗumama jiki na kusan minti arba'in. Ƙa'idar hutu wajen minti ɗaya ne kan kowace mita goma da ka yi da ƙarfi, wani lokaci fiye. Na taɓa ce masa Malam ni fa ban gaji ba, in sake? Yace numfashinka ne ya dawo, ba ƙafarka ba. Bayanin da ya yi shi ne akwai wani makamashi da ke ajiye cikin nama wanda jiki ke ƙonawa in ana son ƙarfi nan take, 'yan sakanni kaɗan yake ƙarewa, kuma kafin ya cika sai an ba shi mintuna, kamar rijiya ce da rani, guga kaɗan za ka ja ka ji ƙasa, dole ka jira ruwa ya tsattsafo. In baka jira ba gudun da za ka yi kashi 90 ne, kuma jiki abin da ka maimaita masa shi yake koya. Kurono yana hannunsa, da zarar lokacinka ya fara hawa sai yace cire takalmi, ko da guda biyu kacal ka yi. Ranar farko da aka yi min haka haushi kamar in yi kuka, na biya kilando, ɗan acaba, tun daga unguwarmu don gudun da bai kai sakan goma ba gaba ɗaya.

Nan sana'ata ta yi rana. Na kawo waya mai ɗaukar bidiyo a hankali, muka riƙa kafa ta a kan kujera a gefen fili, da dare in tura wa kowa nasa ta WhatsApp. A nan na ga abin da Malam ke faɗa da baki, dunduniyata tana yin baya sosai har kusan ɗuwawu kafin gwiwa ta zo gaba, ƙugu a zaune, haɓa sama. Maganin da ya ba ni ƙananan shingaye ne da muka yanka daga bututun roba na ruwa, tsawonsu bai kai taƙi ɗaya ba, a jera su da tazara daidai takunka ka bi ta kansu a guje. In ƙafa tana yin baya sai ka kwashe su. Da sannu gwiwa ta koyi zuwa gaba, ƙafa ta riƙa dukan ƙasa daga sama a ƙarƙashin ƙugu, yatsu a ɗage. Fuska kuma yace in riƙa sakin leɓe, in buɗe tafin hannu, don in ka datse haƙori wuya ya ɗaure, kafaɗa ta hau, hannu ya gajarce, taku ya bi shi. Kullum maganarsa sauri ya haifi nawa, kuma a kurono haka abin yake fitowa, gudun da na ji kamar ban sa ƙarfi ba shi ne yake fin sauri.

Bayan cinya shi ne abin tsoron kowane ɗan gudu. Yawanci yana tsinkewa ne lokacin da ƙafa ta wulla gaba tana shirin sauka, naman yana miƙewa kuma yana riƙewa a lokaci ɗaya. Wani ɗan'uwanmu mai gudun 200 a gabana abin ya same shi, yana cikin gudu sai ya daka tsalle ya dafe cinya, kakarsa ta ƙare a nan. Mu abin da muke yi na kariya shi ne ka durƙusa a kan tabarma, wani ya danne maka idon sawu, ka riƙa sunkuyawa gaba a hankali jiki a miƙe har ka kasa riƙewa ka dafa ƙasa. Satin farko ko zaman tahiya da ƙyar nake yi. Wata rana cikin Fabrairu na ji wani ɗan ja a cinyar dama wajen ɗumama jiki, ba ciwo ba, ja kawai, na gaya masa, yace yau kai ne mai riƙe waya. Kwana kaɗan ina tafiya da gudu mai sauƙi ya wuce.

Azumi ya faɗo mana cikin Maris, kuma wanda ya san Garwa ya san Maris da Afrilu, zafi yana haura digiri 40, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Wasu suka ce a dakata sai bayan salla, Malam yace wata guda ba gudu asara ce, amma za a sauya. Ranakun wuta suka koma biyu a sati, kuma da dare. In an sha ruwa ka ci dabino da kunun gyaɗa kaɗan, kar ka cika ciki da ƙosai, ka yi salla, bayan asham mu haɗu a wani titi mai fitila da motoci basu cika bi ba mu yi gajerun tashi, sannan ka koma gida ka ci abincin gaske. Ƙarfe ma da dare. Ruwa ana sha kaɗan-kaɗan har sahur, kuma abin dubawa launin fitsari ne, in ya yi duhu baka sha isasshe ba. Abin da ya fi wahala barci ne, don in ka dawo sha ɗaya ka tashi sahur ƙarfe huɗu, sai ka rama da rana, yayana kuwa shago yake so a buɗe. Inna ce ta shiga tsakani tace a bar shi ya kwanta bayan azahar. Ita ce kuma take ajiye min kifin Lagdo da ƙwai da nono, duk da har yau bata gane me ake samu a gudun ba, tambayarta kullum wa ya biyo ka.

Dole in yi maganar tramol, don a garuruwanmu ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma akwai masu zuwa bakin fili suna cewa ka sha ɗaya ba za ka ji gajiya ba. Ban da illar da kowa ya gani da idonsa a unguwa, tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta sa tramadol cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa, in aka gwada fitsarinka aka gani dakatarwa ce. Kuma baya ƙara sauri, ciwo yake rufewa, ciwon nan kuwa shi ne ke gaya maka cinya ta kusa tafiya. Haka maganin ƙarfi na kwalba da ake talla a tasha, baka san me aka zuba ba. Malam ko maganin mura za ka sha sai ka kawo masa kwalin ya karanta.

Bayan salla aka shiga kashi na uku, 120 da 150 da kusan duk ƙarfi, guda uku, hutu minti goma sha biyu zuwa sha biyar tsakani. Wannan kam ko 'yan ƙwallo sun daina dariya, don a nan ake amai. Mita 30 ta ƙarshe ƙafa tana yin nauyi, ɗuwawu yana ɗaurewa, kuma aikin shi ne ka riƙe siffarka a haka, gwiwa gaba, hannu yana aiki, kar ka fara miƙa ƙafa kana neman layi. Sau ɗaya a sati ya isa. A lokacin ne kuma na sayi puwent na gwanjo, takalmin ƙusa, na riƙa sa shi kaɗan-kaɗan don yana cin agara da sha-raɓa in baka saba ba.

Saura kwana goma gasa aka zabge aikin kusan rabi. Saurin yana nan amma adadin ya ragu, ƙarfe ya koma ɗan taɓawa, kwana biyun ƙarshe ɗumama jiki kawai. Jiki har ƙaiƙayi yake yana neman gudu. Muka hau mota zuwa Ngaundere, muka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, kuma da gangan Malam ya sa muka isa da wuri don zaman hanya yana ɗaure ƙugu, sai an kwana an warware.

Tartan, shimfiɗar robar nan, wata duniya ce. Ƙasa tana maido maka da abin da ka ba ta, takun farko har na ji kamar zan kifa. Faɗin layinka mita 1.22, ƙusar takalmi doka bata yarda ta wuce milimita 9 ba, kuma ana dubawa kafin a shiga. Ga na'urar iska a gefe, in iskar da ke tura ku ta wuce mita 2 a sakan lokacin baya shiga littafin tarihi. A seri ɗinmu, wato zagayen farko, na kusa da ni ya riga bindiga, aka nuna masa kati ya fita yana riƙe da kai, ya taho tun daga nesa bai yi ko taku biyar ba. Muka koma bulok. Ni dai hannuna na sa a rai. Tashin ya yi kyau, ban ɗaga kai ba sai da jiki ya miƙe da kansa, wajen mita 60 ina ganin mutum biyu a gefen idona, na ji haƙora suna son haɗuwa na sake leɓe, na shiga na uku na wuce zagaye na gaba. A can aka tsaya, ban kai final ba.

Lokacin da aka liƙa a allo 11.18 ne. A gida kurono na hannu yana ba ni 10.9, har abokai sun fara kirana ten-ten a unguwa, to ga gaskiya ta fito. Malam ko a jikinsa, dama ya sha gaya mana mai kurono hayaƙin bindiga yake jira kafin ya danna, yatsansa yana makara, shi ya sa ake ƙara 0.24 a kan lokacin hannu in ana so a kwatanta da na lantarki, 10.9 ɗina kenan 11.14 ne, ba wani abu da ya ɓace a hanya. Don haka in ka ji yaro a unguwa yace yana yin 10.5 ka tambaye shi wa ya riƙe agogon. Tarihin Afirka 9.77 ne, na Ferdinand Omanyala ɗan Kenya a 2021, tsakanina da shi kusan sakan ɗaya da rabi, a fili wannan ya fi mita goma.

A jirgi muna dawowa ya karɓi wayata ya kalli bidiyon tseren yana tsayarwa yana ƙirga taku da yatsa. Yace mita 40 ta farko tare nake da waɗanda suka kai final, daga 70 ne ƙugu ya sake zama, ƙafar hagu ta koma halinta. Ya ba mu hutun sati uku, yace kowa ya kwana cikin gidan sauro don damina ta shigo kuma zazzaɓi ɗaya yana cinye aikin wata biyu. Kaka mai zuwa zai sa ni a 200 ma, ba don in ci ba, don ƙarshen 100 ɗina ya gyaru, kuma yace kafin Oktoba in nemo bututun roba a yanka ƙarin shingaye, waɗancan yaran unguwa sun kwashe rabi.